Rufe Bakin Ƙwayar Gado: Sabon Makamin Yaƙi Da Ƙwari Da Yadda Ya Shafi Fataucinmu Na Wake

 

  

 An umurce mu da mu yi bayani a kan wani sabon ilmi na yaƙi da ƙwari, wanda masana ke kira rufe bakin ƙwayar gado. Wataƙila wani ya ce, mu da ke zaune a Sabo, tsakiyar birnin Badun, ina ruwanmu da ƙwarin gona? To, jama'a, ruwanmu ne har wuya. A shekarar 1916 aka kafa wannan unguwa tamu, a shekarar ce kuma aka ɗauke gadon sarauta daga garin Katagum aka mayar da shi Azare. Tun daga wancan zamani har yau hanya ba ta yanke ba tsakanin gida da nan. Da yawanmu 'yan ƙasar Guddiri ne. Waken da ake lodawa daga Azare da Gamawa da Giade da Itas, shi muke saukewa a Bodija. Ƙwaron da ya shiga gonar yayanka a Bulkachuwa ko Chinade, ƙarshenta a buhunka zai kwana. Gubar da aka zuba masa a can kuwa, a nan za a dafa ta, kuma sunanmu za a kira.

Bari mu fara da tuna abin da ƙwaro ya taɓa yi mana. Dattawan da ke wurin nan ba su manta da shekarar 1975 ba. A shekarar ne cutar kuturtar gyaɗa ta lashe gonaki wajen hekta 700,000 a Arewa. Mai yaɗa cutar kuwa ba wani ba ne illa darɓa, ɗan ƙwaron da bai kai ƙwayar gero ba. Ƙasar Katagum ƙasar gyaɗa ce da auduga, kuma ta sha wannan bugu tare da Kano da Katsina. Noman gyaɗa bai sake komawa yadda yake ba, dalar gyaɗa ta zama labari. A 2016 kuma tsutsar tumatir ta cinye gonakin Kano da Kaduna, har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kanta. 'Yan'uwanmu na Sasa sun san yadda kwando ya yi tsada a wannan shekara. A farkon shekarar dai aka fara ganin sabuwar tsutsar masara a nahiyar Afirka, kuma a nan kudu maso yammacin Nijeriya aka gan ta, kafin ta bazu ko'ina.

Shi kuwa wake, maƙiyansa biyu ne manya. A gona akwai tsutsar Maruka, mai cin fure da huda kwanso, wadda in ta yi tsanani takan ci har kashi 80 cikin ɗari na amfanin. A rumbu da shago kuma akwai ƙwaron wake, wanda kowa a nan ya san aikinsa. Ka ajiye buhu lafiya lau bayan kaka, ka buɗe shi da bazara ka tarar da huji da gari da wari. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na biye mata, saboda haka asarar ba ƙarama ba ce.

Da me muke yaƙar waɗannan ƙwari? Kakanninmu sun yi da toka da yashi da barkono. Mu kuma sai muka koma kwalba, kwalbar kuwa ta jawo mana abin da ya fi ƙwaron muni. A 2008 ɗalibai mata fiye da 120 na makarantar sakandaren gwamnati da ke Doma a Gombe suka kwanta asibiti bayan sun ci wake, bincike kuma ya nuna akwai gubar gamalin a cikinsa. A watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, don an samu sinadarin nan da ake rubuta DDVP a jikin kwalba, wanda muka fi sani da fiya-fiya. Ƙa'idarsu ita ce kada ya wuce miligiram 0.01 a kilo guda, amma an samu wanda ya kai 4.6. Ku lissafa, ninki 460 ke nan. A 2018 an yi ta yaɗa hoton wasu 'yan kasuwa a Ikko suna yayyafa wa wake wannan guba, matan gari suka tsorata, ciniki ya faɗi har ga wanda bai taɓa riƙe kwalbar ba. Hausawa sun ce wake ɗaya shi ke ɓata gari. Mu da muke baƙi a ƙasar wasu, wannan karin magana ta fi kama mu fiye da kowa.

Illar maganin kwalba ita ce ba ya tambayar suna. Yana kashe ƙwaron da ka nufa, ya kashe ƙudan zuma, ya kashe zanzaro da gizo-gizo masu cinye ƙwarin gona, in ya gangara fadamar kogin Jama'are ya kashe kifi, sannan ya taɓa mai feshi da mai ci. Abin da masana suka daɗe suna nema shi ne maganin da zai san sunan ƙwaro ɗaya tak, ya bi shi, ya bar sauran halittun Allah. Wannan ne ya kawo mu ga batunmu na yau.

Za mu kwatanta shi da fada, don kowa ya gane. Jikin kowace halitta, mutum ko tsiro ko ƙwaro, an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. A cikin kowace ɗaya akwai wani kundi da ake kira DNA, an rubuta shi da baƙaƙe huɗu kacal, ana ta jujjuya su. Kowane babi na kundin shi ne ƙwayar gado, kuma kowace na ɗauke da umurnin yadda za a ƙera wani abu da jiki ke bukata. Kundin ba ya fita daga fada. In ana bukatar aiki, sai magatakarda ya kwafi babin a 'yar takarda, a ba manzo ya kai wa maƙera. Wannan takarda ita ce RNA ta saƙo. In takarda ta isa, aiki ya yiwu. In ba ta isa ba, babin yana nan a kundi lafiya lau, amma kamar babu shi.

To, Allah cikin hikimarsa ya sa wa ƙwayar halitta dogarai. Takardun gida falle ɗaya suke zuwa. Amma ƙwayoyin cuta na bairos, idan suna hayayyafa, sukan samar da takarda mai falle biyu manne da juna. Da zarar dogari ya ga mai falle biyu, ya san ta baƙo ce. Sai ya yayyanka ta guntu-guntu, kowane guntu baƙaƙe 21 zuwa 23. Sai wani dogarin ya ɗauki guntu ɗaya ya riƙe a matsayin samfur, ya tsaya a ƙofa. Duk takardar da ta zo wucewa, in rubutunta ya dace da samfurin, sai ya yaga ta. Kun ga dabarar da masana suka hango? In ka san rubutun wani babi da ƙwaro ba ya rayuwa sai da shi, sai ka kwafe shi a takarda mai falle biyu, ka sa ya ci. Dogaransa da kansu za su riƙa yaga saƙon gidansu, aiki ya tsaya, ƙwaro ya daina cin abinci, bayan 'yan kwanaki ya mutu. Tun da rubutun kowane irin ƙwaro daban yake, in an zaɓi babin da kyau, ƙudan zuma zai ci wannan takarda bai ji komai ba.

Ba a rana ɗaya aka gano wannan ba. A 1990 wasu masana a Amurka sun so su ƙara wa wani fure launin shunayya, suka ƙara masa ƙwayar gadon launin, sai furen ya fito fari. Abin ya ɗaure wa kowa kai. Sai a 1998 Andrew Fire da Craig Mello suka warware matsalar, da gwaji a kan wata 'yar tsutsa mai tsawon milimita guda, suka nuna cewa RNA mai falle biyu ce ke rufe bakin ƙwayar gado. A 2006 aka ba su lambar yabo ta Nobel. A 2007 masana a Amurka da Sin suka nuna cewa in tsiro da kansa yana samar da irin wannan RNA, ƙwaron da ya ci shi yakan illata.

Amfani na farko da aka samu shi ne na bincike. In kana son ka san aikin wani a kasuwa, hana shi fitowa kwana biyu ka ga abin da zai tsaya. Haka masana ke yi: su rufe bakin ƙwayar gado ɗaya, su zuba ido. A Jamus an ɗauki ɗan jan ƙwaron nan da ke shiga buhun fulawa, aka bi dubban ƙwayoyin gadonsa ɗaya bayan ɗaya, aka ware waɗanda in an rufe su yake mutuwa. A can ne kuma, a 2004, aka gano cewa sauron da ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro yana da wani sinadari a jininsa mai kashe ƙwayar cutar. Da aka rufe bakin ƙwayar gadon da ke samar da shi, sai ƙwayoyin cutar suka ninka a cikin sauron. Wannan ilmi ne da ya shafi duk mai gida a bakin fadama.

Amfani na biyu shi ne na gona. A 2017 hukumar kare muhalli ta Amurka ta amince da wata masara mai suna SmartStax Pro, wadda ke samar da RNA a jikinta don kashe ƙwaron da ke cin saiwar masara, aka fara sayar wa manoma a 2022. A watan Disamba na 2023 kuma hukumar ta yi rajistar maganin feshi mai suna Calantha, don ƙwaron da ke cin ganyen dankalin Turawa. Shi wannan feshi ne kawai, ba a taɓa irin shuka ba. Abin da ake bukata na ainihin sinadarin wajen giram 10 ne a hekta guda, kuma in ya faɗi ƙasa yakan ruɓe cikin 'yan kwanaki. RNA dai ba baƙuwa ba ce a cikinmu, domin babu wani ganye ko hatsi ko nama da muke ci da ba ta ciki.

Yanzu fa sai mu zo inda gizo ke saƙar. Kada mu tashi daga nan muna cewa an gama da ƙwari. Akwai abubuwa huɗu da ya kamata mu riƙe.

Na farko, wannan makami ba ya cin kowane ƙwaro daidai. Ya fi kama dangin buzuzu, masu taurin baya, kuma waɗancan ƙwari biyu na Amurka duk daga wannan dangi suke. Tsutsotsin da ke rikiɗa su zama malam-buɗe-littafi ko faɗa-wuta kuwa, ruwan cikinsu yakan narkar da RNA tun kafin ta isa inda za ta yi aiki. Maruka da tsutsar masara da tsutsar tumatir duk 'yan wannan gida ne. Fara ma, in an yi mata allurar RNA a ɗakin bincike tana kamuwa, amma in ci ta yi, da ƙyar abin ke tasiri.

Na biyu, ƙwaron wake na rumbu dangin buzuzu ne, saboda haka akwai fata a kansa. Amma ku dubi rayuwarsa. Uwar takan manna ƙwai a bayan ƙwayar wake. Tsutsar na ƙyanƙyashewa sai ta huda ta shige ciki, a can za ta ci ta girma har wajen wata guda, sannan ta fito da fiffike. Babban kuma ba ya bukatar cin komai, aikinsa aure da ƙwai. To, wa za ka fesa wa, kuma ta wane baki zai ci? Sai dai a sa maganin a cikin ƙwayar waken tun daga iri, wannan kuwa aiki ne na shekaru, da gwaji, da izinin hukuma.

Na uku, ƙwaro yana koyon kaucewa. A 2018 masana sun ba da rahoton cewa sun samu zuriyar ƙwaron saiwar masara da cikinta ya daina ɗaukar RNA gaba ɗaya. Ka ga wannan ko ka sauya masa rubutu, aikin banza ne, tun da ya rufe ƙofar da takarda ke shiga. Duk makamin da aka dogara da shi shi kaɗai, ƙarshensa dakushewa.

Na huɗu, tun da maganin sunan ƙwaro ɗaya ya sani, wanda aka yi don ƙwaron dankalin Amurka ba zai taɓa namu ba. Sai an karanta kundin ƙwarinmu, an rubuta takarda da sunansu. Saboda haka in wani ya zo Bodija da kwalba ya ce ga sabon maganin Turai mai kashe kowane ƙwaro ba ya cutar da mutum, ku riƙe kuɗinku.

Wa zai karanta mana kundin ƙwarinmu? Kamfanonin waje kasuwar masara da dankali suke bi, wake abincin talaka ne. Amma ga misali daga Barazil. Cibiyar binciken noma ta gwamnatinsu, Embrapa, ta yi amfani da wannan dabara ta rufe baki ta samar da irin wakensu mai jure wata cutar bairos da farin ƙuda ke yaɗawa, aka amince da shi a 2011. Mu ma ba mu rasa masana ba. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku, tare da abokan aiki na Afirka da Ostireliya, ta fitar da irin wake mai suna SAMPEA 20-T a watan Disamba na 2019. Shi ba da rufe baki aka yi shi ba, an sa masa ƙwayar gado ce daga wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa, wadda ke kashe Maruka. Manomin da ke feshi sau 6 zuwa 8 a damina, da wannan iri sau 2 ya ishe shi, don sauran ƙwarin. Mun san akwai masu ɗari-ɗari da irin da aka sauya wa halitta, kuma tambayarsu halal ce. Akwai hukumar NBMA da aka kafa a 2015 don tantance irin waɗannan abubuwa, haƙƙinmu ne mu tambaye ta, haƙƙinta ne ta yi mana bayani da harshen da muke ji. Ga kuma cibiyar IITA nan kusa da mu a hanyar Oyo, tun 1967, inda aka adana nau'in wake fiye da 15,000, tarin da babu kamarsa a duniya. Mu nawa ne a cikinmu muka taɓa taka ƙofarta?

Kafin sabon makami ya iso, akwai wanda ke hannu, kuma ba ya bukatar guba ko ɗigo. Shi ne buhun PICS, mai leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka faro aikin a arewacin Kamaru, aka inganta shi tare da masanan cibiyar INRAN ta Maraɗi, aka fara yaɗa shi sosai daga 2007, kuma ana ƙera shi a Kano. Sirrinsa iska. In ka ɗaure shi da kyau, ƙwarin da ke ciki za su shaƙe 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su bushe su mutu. Sharuɗɗansa kaɗan ne: wake ya bushe sarai, a tabbatar leda ba ta huje ba, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora a kan katako nesa da ɓera, kada a riƙa buɗewa. In an kula da shi yakan yi shekara uku ana mora. Ku kwatanta kuɗinsa da asarar buhu guda, ko da ran yaro guda.

Muna kuma jan kunne game da ƙwayar fostoksin, wadda wasu ke kira bom. Hayaƙin da take fitarwa yana kashe mutum kamar yadda yake kashe ƙwaro. A nan Sabo wuri ya yi mana kaɗan, yaran shago da 'yan dako da yawa a kan buhu suke kwana. Kada a sa ta a ɗakin da ake kwana, ko a shagon da bango ɗaya ya raba shi da ɗakin iyali.

Daga ƙarshe, ranka ya daɗe, muna miƙa wa majalisa shawarwari uku. Na ɗaya, shugabannin 'yan hatsi su kafa doka a tsakaninmu cewa duk wanda aka kama yana zuba fiya-fiya ko gamalin a kayan abinci, mu za mu fara hukunta shi kafin hukuma ta ji. Na biyu, ƙungiya ta sayi buhunan PICS a sari, ta aika wa masu yi mana awo a Azare da Gamawa da Katagum tun kafin kaka, tare da neman malaman gona na BSADP da ke Azare su nuna wa mutane yadda ake ɗaurewa, domin a can gubar ke fara shiga, tun ran gini kuwa ran zane. Na uku, asusun tallafin karatu na ƙungiya ya ware gurbi ga yaro ko yarinyar da za su karanci ilmin halittu ko aikin gona. Ga Jami'ar Sa'adu Zungur a Gadau, ga Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa a Azare a 2021, ga Samaru, ga Jami'ar Badun a bayan gidanmu. Ranar da za a rubuta takardar da za ta rufe bakin ƙwaron wake, muna fata a samu ɗan Guddiri ko ɗan Sabo a cikin masu riƙe da alƙalamin.

Iyayenmu sun zo garin nan ba su da komai sai amana, da ita suka samu wurin zama, da ita aka yarda a ci abin da suka auna. Matar da ta sayi mudu biyu a hannunka za ta soya ƙosai ne ta ba 'ya'yanta kafin su tafi makaranta, ba ta da na'urar gwaji, kai ta yarda da kai. Allah zai tambaye mu wannan mudu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare amfaninmu daga fara da tsutsa, ya sa albarka a kasuwancinmu, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Abin da muka faɗa daidai, Allah ya ba mu ladansa baki ɗaya.